Babi na Shida: Lambar da Ke Ƙasan Takarda

A ƙasan wasu zane-zane da ake gwanjonsu a Landan da Paris da Niyok akwai ɗan rubutu da fensir, wanda in mutum bai sa ido ba zai wuce shi. Lamba biyu ce da ɗan kara a tsakani, kamar 12/60, sai sa hannun mai zanen da shekara a gefe. Abin da take faɗa shi ne an buga guda sittin, wannan ce ta goma sha biyu, kuma an rufe, ba za a ƙara ko ɗaya ba. Takarda ce da tawada. Amma albarkacin wannan ɗan rubutu ana zuba mata miliyoyin sefa, a sa ta cikin gilashi, ta shiga cikin dukiyar da ake rabawa a gado.

Ina so mu bi diddigin wannan lamba, domin ta shafi wani mutum da kowa a Dakoro ya san aikin hannunsa amma kaɗan suka damu da sunansa, wato mai fentin alluna da motoci. Kafin mu iso wurinsa sai mun ratsa ta Amurka da Jamus da Kano.

An haifi Keith Haring a Amurka a 1958, ya shigo Niyok karatun zane a 1978. A 1980 ya lura da wani abu a tashoshin jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin birnin: duk allon tallar da ba a samu mai haya ba, baƙar takarda ake manna masa. Sai ya sayi farin alli. Yakan sauko daga jirgi ya yi zane cikin minti biyu ko uku, mutane na tsaye suna kallo, ya sake hawa jirgi ya yi gaba. Jariri mai rarrafe da haske na fita daga jikinsa, kare mai haushi, mutane marasa fuska suna rawa, duk da layi mai kauri, ba gogewa ba gyara. Ya yi dubbai a cikin shekara biyar, ƴan sanda sun kama shi ba sau ɗaya ba. Ba shi ya fara kawo kayan titi cikin zauren masu fasaha ba. Andy Warhol da zanen tallar takalma ya fara cin abinci kafin ya zana gwangwanayen miya 32 a 1962, James Rosenquist kuwa mai fentin manyan allunan talla ne da ke hawa tsani a tsakiyar Niyok. Salon da ake kira Pop ke nan: abin da talaka ke gani kullum a kanti da bakin hanya, shi ake ɗauka a mayar da shi zane. Sai dai Haring bai baro titin ba, a can ya yi suna.

Da sunan ya yi ƙarfi sai mutane suka fara yage zanen daga bango tun allin bai gama zama ba, suna kai wa dillalai. Wannan na cikin abin da ya sa ya bar zanen tasha a 1985, a 1986 kuma ya buɗe kanti mai suna Pop Shop, inda yaro zai sayi riga ko baje mai zanensa da kuɗin aljihu. Masu sukar fasaha sun ce ya zubar da girmansa. Bai fasa ba.

Aikinsa da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya yi a 1985 kan mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Wani ƙaton baƙin mutum ne da igiya a wuya, wani ɗan ƙaramin fari na riƙe da bakin igiyar, ƙaton ya ɗaga ƙafa ya taka shi. Ya fitar da wannan zane ta hanya biyu. Akwai jeri na takarda uku da aka yi wa bugun dutse, kowace guda sittin, da lamba da sa hannu, na masu kuɗi da gidajen tarihi. Akwai kuma fasta, kimanin 20,000, da aka raba wa jama'a a Niyok. Na farkon ya kawo kuɗi ya kuma tsare aikin a tarihi, na biyun ya kai saƙon inda aka nufa. Haring ya rasu a watan Fabrairu na 1990 yana da shekara 31, cutar sida ta kashe shi, kuma har yau duka biyun suna nan suna aiki.

To mene ne bugun dutsen nan, wanda Turawa ke kira litografi? Wani marubucin wasan kwaikwayo ne, Alois Senefelder, ya gano shi a Munik ta Jamus a 1796, yana neman hanya mai araha da zai buga rubuce-rubucensa. Dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Malbaza don siminti, sai dai na Solnhofen da ake wannan aiki da shi idonsa ya fi laushi nesa ba kusa ba. Ana goge fuskarsa da yashi mai laushi da ruwa har ta yi sumul. Mai zane ya ɗauko baƙin alli mai maiƙo, wanda aka haɗa da kaki da sabulu da kitse da kunkunniya, ya yi zanensa a kan dutsen kai tsaye. Ba ya bari tafin hannunsa ya sauka, don maiƙon yatsa ma fitowa yake a bugu. Kuma a juye yake zanawa, abin da yake so a dama sai ya sa shi a hagu.

Daga nan mai bugu ya karɓa. Ya shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan, ya bar shi ya bushe. Ya wanke baƙin allin da wani mai, zanen ya ɓace wa ido, har baƙo ya ɗauka an yi ɓarna. Sai ya jiƙa dutsen da soso, ya mirgina rola mai tawadar mai a kai. Inda ƙaro ya kama, ruwa ya zauna, tawada ta ƙi. Inda maiƙo ya shiga cikin dutse, ruwa ya gudu, tawada ta manne. Yana mirginawa zanen na dawowa, har ya fito baƙi ƙirin kamar yadda aka zana shi. Ya shimfiɗa takarda, ya tura cikin injin matsa, ya ɗago ta a hankali ta kusurwa biyu. Guda ɗaya ke nan. Ta biyu sai an sake jiƙawa an sake sa tawada, kuma in zanen launi huɗu ne, dutse huɗu za a gyara, takardar ta bi ta kan kowane ba tare da ta goce ko da kaurin gashi ba. Ba a sassaƙa komai ba, ba a tona komai ba, ƙiyayyar ruwa da mai ce kawai aka sa a aiki.

Ƙaron nan kuwa namu ne. Na dakwara ne, daga ƙasashen Sahel yake tafiya, Sudan da Chadi da Najeriya da Nijar, shi ne kuma wanda almajiri ke jefawa cikin kurtun tawada don ta kama allo. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan itacen dajinmu na riƙe da wannan sana'a a Turai.

Dutsen zai iya ba da ɗaruruwa, har dubbai. A 1891 fastar da Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge a Paris dubbai aka buga aka manna a bango. Ke nan ƙarancin nan na sittin ba daga dutse ya fito ba, alkawari ne aka ɗauka. Mai zane ya duba gwaji, in ya gamsu ya rubuta a kai cewa ya yi, a buga. A ƙirga, ya sa wa kowace lamba da hannu, a ware masa ƴan kaɗan nasa da alama daban, sannan a goge dutsen har zanen ya mutu. Mutumin Dakoro ba ya bukatar dogon bayani a nan. Raƙumi mai shaidar ƙarfe a wuya ko a cinya, wadda Buzaye da Fulani suka san gidan da ta fito, dillali bai sha wahalar sayar da shi ba, wanda kuwa ba shaida sai an yi ta tambaya. Lambar fensir shaida ce, kuma darajarta ba ta wuce darajar maganar mai ita ba. Shahararren mai zanen nan na Sifen, Salvador Dalí, ya sa hannu a kan dubban fararen takardu tun ba a buga komai a kansu ba, ƴan damfara suka samu ƙofa, har yau duk wanda aka kawo wa bugun Dalí sai ya yi ɗari-ɗari. Haka kuma akwai masu ɗaukar hoton zane su fitar da shi a injin buga kalanda, su sa lamba, su kira shi bugun dutse. Wannan ha'inci ne, ko da a wace ƙasa aka yi shi.

Mu ma muna da namu tarihin da wannan fasaha, sai dai wata hanya muka bi da ita. A farkon ƙarni na 20 aka mayar da dabarar Senefelder kan farantin ƙarfe da ke juyawa a inji, abin da ake kira ofset, wanda yawancin littattafai da jaridu ke fitowa ta cikinsa. Da irin wannan inji ya samu zama a Kano, ƴan kasuwar littattafai suka ga wata dama. Almajirin da ya tashi da karatun Warshu da rubutun allo bai saki jiki da haruffan bugun Misira ba. Sai a biya gwanin marubuci ya rubuta littafi da alƙalaminsa na kara, a ɗauki hoton shafukan a hau da su kan faranti, a buga dubbai. Sharu Bala Gabari na Kano na cikin waɗanda rubutun hannunsu ya zagaya ƙasashe ta wannan hanya. Alƙur'ani warwaro da ake sawa a gafaka, Ishiriniya, Dala'ilu, Ahalari, Ishmawi, daga kasuwar Kurmi su biyo motocin Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, har su iso tabarmar mai littattafai a ƙofar masallacin Juma'a a Dakoro da Kornaka. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar nan ya riƙe jikan bugun dutse a hannunsa.

Ka buɗe shafin ƙarshe na irin waɗannan littattafai ka gani. Sau da yawa marubucin ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi addu'ar mai karatu, an kuma ambaci wanda ya ɗauki nauyin bugun. Ba a ƙayyade adadi ba, kuma daidai ne da ba a ƙayyade ba, don ilimi ne, yawan masu karantawa shi ne yawan ladan. Abin da nake so a riƙe shi ne sa suna a ƙasan aiki ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman alƙalami sun yi shi tun kafin zuwan inji.

Mai fenti ne bai samu wannan gata ba. Ka same shi a bakin tasha da hantsi, ya tsuguna bayan wata babbar mota ta ɗaukar dabbobi, gabansa gwangwanayen tumatir huɗu ko biyar da ya zuba fenti a ciki, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, da kwalbar fetur ta sirkawa. Burushin da kansa ya rage masa gashi da reza har ya yi tsini. Ya ja igiya mai alli ya buga layi biyu, shi ke nan awon da zai yi. Mai motar na tsaye a kansa.

"Malam, zakin nan a buɗe mashi baki, ya yi kwarjini."

"An gama, Alhaji. Mi za a rubuta ƙasa?"

"Haƙuri maganin zaman duniya. A sa da manya, wanda ke baya ya gani."

Ba ya zana komai da fensir tukuna. Wuyan hannunsa kawai ke juyawa, gezar zakin na fitowa da shafa ɗaya-ɗaya, yaronsa na riƙe da gwangwani yana kallon hannun maigida. Kafin azahar an gama, an biya, motar ta ɗauki raguna ta yi kudu. Zakin zai ga Maraɗi da Jibiya, wataƙila har Legas, dubban mutane za su karanta shi a bayan mota, ba wanda zai san hannun wa ya yi shi.

Dakoro na fiye da kilomita ɗari arewa da Maraɗi, a inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara, kusa da kwarin Tarka. Ranar kasuwa Bahaushe da Bafillace da Buzu ke haɗuwa, kowa da harshensa, da yawa kuma ba su karanta Faransanci. Saboda haka allon mai fenti a nan ba ado ba ne kawai. Kan mutum a karkace da aski iri shida ya gaya maka shagon mai aski ne. Saniya da allura, mai maganin dabbobi. Taya da sifana, mai faci. Dole zanen ya faɗi maganarsa ga mutumin da ke wucewa bisa amalanke ko kabu-kabu, kafin ya ƙifta ido. Wannan ita ce matsalar da Haring ya warware a tashar jirgi, kuma da irin maganin da ya warware ta: layi mai kauri, launi mai ƙarfi, a zubar da duk abin da ba dole ba. Ban ga dalilin da zai sa a kira na can gwani a kira na nan ɗan ƙwadago ba. Bambancin da na gani shi ne na can ya sa suna, an ƙirga aikinsa, an rubuta an ajiye.

Na nan sau ɗaya ake biyansa. Rana da hunturu su cinye fentin, allon ya yi tsatsa, a shafe a rubuta wani, ko a mayar da kwanon murfin akurki. Yanzu kuma ga banar roba da inji ke fitarwa a Maraɗi, mai hotunan da aka sauko da su daga intanet, fuskokin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba. Ba na zargin mai shagon da ya zaɓi bana, ta fi sauri, wani lokaci ta fi araha. Amma shagon Dakoro da na Yamai da na Kwatano sun fara kama da juna, kuma yaran da ya kamata su gaji burushi sun watse neman wata sana'a. Wannan yana ci mini rai.

An ga yadda irin wannan ke ƙarewa a Gana. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye suna sa a zana musu fastar fim da hannu a kan buhun fulawa. Da inji ya zo sana'ar ta faɗi, masu tara kayan fasaha daga waje suka kwashe da yawa, yanzu a gidajen nune-nunen Amurka da Turai ake ganinsu da tsada. An kuma ga wanda ya bi ta wata hanya. Chéri Samba na Kwango, haifaffen 1956, mai fentin alluna ne a Kinshasa. Ya buɗe shagonsa a 1975, ya dage da sa sunansa, har da fuskarsa, a cikin zanensa, da rubutu cikin Lingala da Faransanci kan abin da ke damun mutanen birni. A 1989 aka nuna aikinsa a babban baje kolin Magiciens de la Terre a Paris, yau yana cikin manyan gidajen tarihi na duniya. Bai sauya salonsa na titi ba. Sunan ne ya sa kuɗin ke dawowa gidansa.

Na san mai karatu zai ce ina mai fentin Dakoro zai samo dutsen Jamus da injin matsa. Ba sai ya samo ba. Yawancin shahararrun bugun Warhol, da na Haring masu yawa, bugun rariya ne, wanda masu aikin ke kira serigrafi, wato dabarar da samari a Maraɗi ke buga rigunan biki da na zaɓe da ita: kyalle mai ƙananan ƙofofi a ɗaure jikin katako, da roba ta jan tawada. Abin da za a ƙara shi ne takarda mai kauri, da tawada mai jure rana, da riƙon alkawari. A buga talatin, a sa lamba da suna da gari da shekara, a rubuta cikin littafi wa ya sayi ta nawa, a wanke rariyar gaban shaidu. Sannan a fitar da wannan zanen a kalanda mai araha ba lamba, ya shiga kowane shago, kamar yadda Haring ya yi, kamar kuma yadda bugun Kano ya shiga kowane zaure.

Wani kuma zai kawo maganar zanen abu mai rai, kuma magana ce da ba a yi mata wasa. Malamai sun yi bayani a kanta, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Amma ko an ajiye zaki da kan mutum gefe, aikin bai ƙare ba. Akwai dagi, akwai furannin jikin mota, akwai adon bangon gidajen Birnin Damagaram, da zanen ƙorai da na fata, da rubutun ajami wanda shi kansa zane ne.

Masu saye ma ba sai an jira Bature ba. Alhazan Maraɗi na rataye hotunan ruwa mai gangarowa da duwatsun ƙanƙara da aka bugo a Sin a ɗakunan baƙinsu, haka bankuna da otal-otal da ofisoshi. Ƴan ƙasar da ke zaune Yamai ko Abijan ko Faransa za su so abin da zai tuna musu gida. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na da ɗaliban da za su iya zagaya kasuwannin jihar da waya su ɗauki hoton alluna, su rubuta sunayen masu su tun suna da rai. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, tuni ya ba maƙera da dukawa da masaƙa wuri, bai kamata mai fenti ya rasa kusurwa a can ba.

Kafin waɗannan su motsa, akwai abin da ke hannunka, mai karatu. In za ka ba da aikin allon shago ko bayan mota, ka ce wa mai fentin ya rubuta sunansa da garinsa da shekara a kusurwar ƙasa, inda za a gani. Ka ɗauke shi hoto tsaye kusa da aikin, ka tura masa. In allon ya tsufa kada ka shafe shi, ka sa a yi maka sabo ka ajiye tsohon a ɗaka. Kuma in ya faɗi kuɗin aikinsa, ka biya shi ba tare da ka raba biyu ba.